A AUNA KAFIN A SHA MAGANI

Jawabin da anka gabatar a taron ƙungiya na bayan kaka, a kan gano cututtukan da ke shiga jikin mai ƙwayar sida



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata, da ku ƴan'uwa da kunka taso daga Yamai, Damagaram, Tawa da Maraɗi, barkanku da zuwa. Waɗanda kuma takardar nan za ta iske a Abijan, Legas, Kwatanu ko Arlit, muna gaishe ku, gida lafiya lau.

Kwamiti ya ɗora ma mu malaman lakwal nauyin yin magana yau. Mu ba likitoci ba ne, aikinmu alli da allo. Amma an saba, in takarda ta zo da Faransanci mu ake kira mu karanta mu fassara. To, abin da likitoci sunka rubuta a kan wagga magana shi munka karanta, munka zo mu faɗa da Hausa. Muna neman gafara wurin manya, don akwai kalmomin da ba a saba faɗi gabansu ba. Lalura ce ta kawo.

Ga kan maganar. Mutumin da ke ɗauke da ƙwayar sida, sau da yawa abin da ke kai shi kushewa wata cuta ce daban wadda ta iske ƙofa buɗe. Mafi yawan waɗannan cututtuka suna da magani in an gano su da wuri, gano su kuwa da awo ake yi. Duk wanda ya sha maganin kasuwa kafin awo, ya share ma likita sawun ɓarawo.

1. GARA DA DARNI

Likitoci sun fara lura da ciwon sida a Amurka a 1981. A 1983 anka gano ƙwayar da ke kawo shi a cibiyar Pasteur ta birnin Paris. Nan Nijar an tabbatar da mutum na farko a 1987. Binciken ƙasa na 2006 ya samu mutum 7 cikin baligai 1000 ɗauke da ƙwayar, na 2012 ya samu 4 cikin 1000. Kaɗan ne in anka gwada da ƙasashen kudancin Afirka. Amma duk wanda ya yi lissafi da yawan mutanen karkararmu zai ga ba labarin nesa ba ne.

Cikin jinin kowannenmu akwai wasu ƙananan halittu masu gadin jiki, likitoci suna kiran shugabanninsu CD4. Ana ƙirga su cikin ɗan ɗigon jini. Mai lafiya yana da tsakanin 500 da 1500. Ƙwayar sida cikinsu take shiga tana cinye su sannu a hankali, shekara da shekaru, mutum yana nomanshi yana fataucinshi bai ji komi ba. Kamar gara ce a darni: daga waje kara na tsaye, ciki kuwa ya zama gari. In adadin ya sauko ƙasa da 200, darni ya faɗi, kowace akuya sai ta shiga. Shi ne Hausawa ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙwayoyin cuta iri iri ne, amma biyu muke so a bambanta yau. Ƙwayar sida tana cikin dangin da ake kira birus. Maganinta shi ne ARV, wanda ake ba da shi kyauta a likitocin gwamnati. Ba ya fitar da ita daga jiki, yana danne ta ne muddin ana shan shi kullum. Ɗaya dangin kuma ana kiran shi bakteri. Cikinsu akwai masu kawo tarin fuka, ciwon huhu, sanƙarau, taifot, maruru, tunjere da ciwon sanyi. Su ana kashe su sarai da magungunan da ake kira antibiyotik, amma kowace da nata. Manomi ya san maganin fara ba ya kashe ƙuduji. Haka nan maganin maruru ba ya kashe tarin fuka. Kafin a fesa sai an san abin da ke cin gona.

2. ABIN DA YA SA GANO SU KE DA WUYA

Na farko, alamominsu sun yi kama da juna. Masassara, kasala, rama, ciwon kai: palu na kawo su, tarin fuka na kawo su, bakteri da ta shiga jini ita ma tana kawo su. Mu kuwa mun saba duk zafin jiki mu ce na sauro ne.

Na biyu, jikin da masu gadinshi sunka ƙare ba ya kuwwa. Yawan alamomin da muke gani ga marar lafiya, irin su mugunya da kumburi da tari mai ƙarfi, ƙurar faɗa ce tsakanin jiki da cuta. In babu mai tare cuta, ƙura ba ta tashi. Shi ya sa mutum zai iya cika da tarin fuka, tarin nashi kuwa kaɗan ne, har hoton ƙirjinshi ya fito kamar babu komi.

Na uku, cuta biyu ko uku suna iya haɗuwa jiki ɗaya. Awon palu ya nuna akwai, an ba da magani, kwana uku masassara ba ta sauka ba: ke nan akwai wani baƙo a ɗakin.

Na huɗu namu ne, ba na likita ba, wato kunya. Mutum ya san yana da ƙwayar, ya je likitar wani gari, ya ɓoye. Likita sai ya duba shi kamar kowa, ya ba shi maganin masassara ya sallame shi. Da ya faɗa, da wasu awo daban za a yi mashi nan take.

3. TARIN FUKA

Shi ne babba cikinsu. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya bayyana ƙwayarshi ran 24 ga Maris 1882, shi ya sa kowace shekara ake tunawa da ciwon a wannan rana. Bisa ƙididdigar hukumomin lafiya na duniya, mutum wajen 630,000 sunka rasu da cututtukan da ke bin sida a 2023, cikinsu wajen 161,000 tarin fuka ne ya kashe su. A 2015 masana sun haɗa sakamakon binciken gawa da anka yi a asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, mafi yawa na Afirka. Cikin manya 10 masu ƙwayar sida da sunka rasu a asibiti, wajen 4 an iske tarin fuka a jikinsu, kuma kusan rabin waɗannan ba a san suna da shi ba har sunka cika. Ciwo ne mai warkewa cikin wata 6, da maganin da ake ba da shi kyauta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ba da tambayoyi huɗu da za a yi ma mai ƙwayar sida duk lokacin da ya je likita, kuma kowa na iya yi ma kanshi su a gida. Kana tari? Kana masassara? Kana ramewa? Kana zufa da dare har ta jiƙa riga? In amsar ko da guda ɗaya ce i, a yi awo. A lura da kyau: ga sauran mutane ana cewa tarin da ya kai sati biyu, amma ga mai ƙwayar sida ko tarin jiya ne ba a jira.

Awon farko na kaki ne. Yadda ake ba da shi yana da muhimmanci, don da yawa miyau suke tofawa a kwalba, miyau kuwa ba ya nuna komi. A kurkure baki da ruwa, a fita fili nesa da mutane, a ja numfashi mai zurfi sau biyu ko uku, a yi tari daga ƙasan ƙirji, a tofa, a rufe kwalba sosai. Na sassafe ya fi kyau.

Tsohuwar hanya ita ce a shafa kaki a gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Hanya ce mai kyau, amma sai ƙwayoyin sun kai dubbai cikin ɗan kaki kafin ido ya gan su, mai ƙwayar sida kuwa sau da yawa kakinshi ba ya ɗauke da su da yawa. Saboda haka in anka ce madubi bai ga komi ba, magana ba ta ƙare ba. A ƙarshen 2010 OMS ta amince da wata na'ura mai suna GeneXpert. Ita tana neman alamar gadon ƙwayar, tana ganin ta ko da kaɗan ce, tana ba da amsa cikin awa biyu, kuma tana faɗin ko ƙwayar ta gagari rifamfisin, babban maganin tarin. Akwai ta a manyan asibitocin jihohinmu. Inda babu, ana iya aika kakin. Mai ƙwayar sida yana da dalilin tambayar majo ko za a kai nashi can.

Akwai kuma awon fitsari da ake kira LAM, wanda OMS ta yarda da shi a 2015 ta faɗaɗa amfani da shi a 2019. Ɗan tsinken takarda ne irin na awon palu, ana ɗiga mashi fitsari, amsa ta fito cikin minti 25. Abin mamakinshi shi ne ya fi gani ga wanda jikinshi ya fi rauni, wato wanda ke kwance ba ya iya ko fitar da kaki. In ya nuna akwai, a fara magani. In bai nuna ba, a ci gaba da nema ta wasu hanyoyi.

Kada kuma a ɗauka huhu kaɗai yake kamawa. Yana zama a kaluluwar wuya, a ciki, a ƙashin baya, a kewayen zuciya, har a rigar ƙwaƙwalwa. Kaluluwar da ta kumbura ba ta ciwo, ta yi makonni ba ta sace ba, kada a kai ta wurin wanzami a tsaga. Likita yana tsotso ɗan ruwanta da allura ya auna.

Ƴan'uwa masu zuwa haƙar zinariya a Jado da sauran wuraren arewa, da masu kwana goma sha a ɗaki guda a bakin teku, wagga magana ta fi shafar ku. Ƙurar dutse tana raunana huhu, ɗaki marar taga kuma shi ne kasuwar tari. In an samu mutum ɗaya da shi, duk abokan ɗakinshi da iyalinshi su je a duba su, musamman yara ƴan ƙasa da shekara 5.

4. MASASSARAR DA BA TA SAURO BA

Bayan tarin fuka, bakteri biyu sun fi damun masu ƙwayar sida a ƙasashenmu.

Ta farko ana kiran ta numokok, mai kawo ciwon huhu. Tana zuwa farat ɗaya: rawar sanyi, zafin jiki, suka a haƙarƙari in an ja numfashi, kaki mai launin tsatsa, numfashi sama sama. Likita yana gane ta da sauraren ƙirji da hoto. Duk baligin da ciwon huhu ke dawo mashi a kai a kai, ya kamata ya nemi awon sida ko da bai taɓa zargin kanshi ba. Haka ma duk wanda anka samu da tarin fuka.

Ta biyu ana kiran ta salmonela, ƴar'uwar taifot ce. Daga ruwa marar tsabta da abincin da ya gurɓata ake samun ta. Ga mai ƙarfin jiki zawo ne na kwana biyu ko uku ya wuce. Ga wanda CD4 nashi ya faɗi, sai ta ƙetare hanji ta shiga jini. Sau da yawa babu ko zawo, masassara ce kawai wadda ba ta jin maganin palu, ta lafa ta dawo, har ta kayar da mutum. Awon nan na Widal da anka saba yi ba ya isa shaida, don yana nuna akwai ga mutane da yawa da ba su da ciwon.

Hanyar da ke nuna gaskiya ita ce wadda likitoci ke kira shukar jini, kuma sunan ya dace. Ana ɗibar jini a hannu a zuba cikin kwalba mai ruwan abincin ƙwayoyi, a aje ta wuri mai ɗumi daidai da na jikin mutum. In akwai bakteri, sai ta hayayyafa cikin kwana 2 zuwa 5 har a gan ta a san sunanta. Daga nan a shimfiɗa ta a ɗan faranti, a aza mata magunguna iri iri, a ga wanda ya kashe ta da wanda ta yi ma dariya. Haka ake yi da fitsari, da mugunya, da bayan gida. Aikin manyan asibitoci ne masu labo, shi ya sa in majo ya rubuta takardar tura mutum gaba, kada a naɗe ta a aljihu a koma gida.

Nan ne maganin kasuwa ke yin ɓarna. Kun san irin da anka jiƙa da ruwan zafi ba ya tsira. Mutum ya sayi kafso huɗu ko shida wurin mai talla a tasha, ya sha kwana biyu. Bai isa ya kashe cutar ba, amma ya isa ya hana ta tsira a kwalbar labo. Amsa ta fito babu komi, cuta kuwa tana nan. Ga ɓarna ta biyu: ƙwayar da ta sha magani kaɗan ba ta mutu ba, ita ce ke koyon gagara, gobe ko an ba da maganin da yawa ba ya cin ta. Wasu daga cikin waɗannan magunguna ma suna lafar da tarin fuka na ɗan lokaci, mutum ya ga kamar ya warke, ya ƙara wata biyu yana rarraba shi ga iyalinshi.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a bar marar lafiya babu magani har amsa ta fito ba. In ciwo ya yi tsanani, likita yana ɗibar abin awo ya fara allura nan take, in amsa ta zo ya gyara. In wurin babu labo, majo yana yin allurar farko ya tura gaba. Tsarin nashi ne. Namu shi ne mu kai mutum da wuri. In kuwa an riga an sha wani abu, a tafi da kwalin ko takardar maganin a nuna, a faɗi kwana nawa anka sha. Ba wanda zai kama ku, taimakon likita kunka yi.

5. SANƘARAU

Ba sai an gaya ma ɗan Nijar sanƙarau ba. Manya suna tune da annobar 1995, ƙanana sun ga ta 2015, wadda ta kama mutum fiye da 8,000 ta kashe fiye da 500. Mun san lokacinta, daga sanyi zuwa bazara, mun san alamominta: ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa.

Abin da ya kamata a ƙara sani shi ne, ga mai ƙwayar sida sanƙarau ba shi da lokaci, kuma abubuwa huɗu ke iya kawo shi: ƙwayar annoba da munka sani, numokok da munka ambata, ƙwayar tarin fuka, da wata mai suna kiriftokok, wadda ita ba bakteri ba ce, dangin funfuna ce. Biyun ƙarshe a hankali suke zuwa, ciwon kai na sati ɗaya ko biyu, wani lokaci wuya ma ba ya sanƙarewa, sai a ga hali ya canza, a ce iska ce ko sammu. Maganin kowanne daban ne, kuma babu mai bambanta su da ido.

Abin da ke bambanta su shi ne ruwan baya. Mun san mutanenmu suna tsoron wagga allura, ana cewa tana kashewa ko tana gurgunta mutum. Allurar a ƙasan baya take shiga, ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, kuma ɗan ruwan da ake ɗiba jiki yana mayar da shi cikin ƴan awoyi. Mafi yawan waɗanda sunka rasu bayan an yi musu ita, ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinsu kafin a kawo su. Ruwan mai lafiya garau yake kamar na rijiya. In ya fito fari kamar ƙasari, bakteri mai saurin kisa ce, kowace awa tana da daraja. In ya fito garau amma mutum ba shi da lafiya, sai a nemi tarin fuka da kiriftokok. Cibiyar CERMES ta Yamai ita ke tantance irin ƙwayar da ke yawo a ƙasa daga ruwan da likitoci ke aika mata. Dattawa, sau da yawa ku ake tambaya izini a bakin gado. Muna roƙon ku ba da shi.

Sanin irin sanƙarau yana da wani amfanin. Yau ƙa'ida ita ce duk wanda anka samu da ƙwayar sida a fara mashi ARV ba da jinkiri ba, mai tarin fuka na huhu ma cikin sati biyu da fara maganin tarin. Amma in tarin fuka ko kiriftokok ya kama rigar ƙwaƙwalwa, sai a jinkirta ARV da sati 4 ko fiye, don masu gadi in sunka farfaɗo da sauri, faɗan da za su yi cikin kai yana iya kashe mai shi.

6. TUNJERE DA CIWON SANYI

A gafarce mu, a taƙaice za mu faɗa. Tunjere yana farawa da ɗan miki a al'aura wanda ba ya ciwo, ya warke da kanshi, ƙwayar kuwa ta shige jini ta yi shekaru. Ga mace mai ciki yana kawo ɓari da haihuwar gawa. Awonshi na ɗigon jini ne a yatsa, har akwai tsinke guda da ke auna shi tare da sida, maganinshi kuma allurar fenisilin ce. Ciwon sanyi yana bayyana ga namiji da mugunya da zafin fitsari, ga mace kuwa sau da yawa shiru ne. Dukansu suna buɗe ma ƙwayar sida ƙofar shiga da ta fita. Miji da matanshi duka ake yi ma magani lokaci ɗaya, in ba haka ba ciwon yana kewaya gida ne kawai. Kada a hana mace zuwa awon ciki.

7. ABIN DA AKE GANI A GIDA

Gida ba labo ba ne, amma akwai alamomi huɗu da OMS ta ce in an ga ko ɗaya ga baligi mai ƙwayar sida, ciwo ya yi tsanani:

- numfashi 30 ko fiye a minti ɗaya;
- bugun zuciya 120 ko fiye a minti ɗaya;
- zafin jiki 39 ko fiye;
- kasa tafiya sai an riƙe shi.

Mu ƙara da ruɗewa, suma, ko ciwon kai da ya ƙi sauka. Ƙirga numfashi ba wuya: a dubi ƙirjin mutum yana kwance, a dubi agogon salula, a ƙirga tashin ƙirji har minti ya cika. Ɗan aji huɗu ya iya. In an ga haka ba a jiran safiya ko ranar kasuwa.

Yara nasu ya fi sauri. Jariri ɗan ƙasa da wata 2, numfashi 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Yaron da ƙasan ƙirjinshi ke lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko yake aman duk abin da ya sha, ko yake taune-taune, a ɗauke shi nan take. Yaron da ba ya ƙaruwa a ma'auni, ga tari ga masassara, a nemi tarin fuka. Yara suna haɗiye kaki, shi ya sa yanzu ake neman ƙwayar cikin ruwan cikinsu ko bayan gidansu.

8. GYARAN DARNI

Rigakafi ya fi magani. Babban rigakafi shi ne ARV kullum ba fashi. In ƙwayar ta danne, CD4 yana farfaɗowa, waɗannan cututtuka su ragu ƙwarai. Wanda awo ya nuna ƙwayar ta danne har ba a ganin ta a jininshi, ba ya sa ma matarshi.

Na biyu shi ne kotirimokzazol, wanda munka sani da sunan Bactrim. A Abijan anka gwada shi, sakamako ya fito a 1999: cikin masu ƙwayar sida da ke maganin tarin fuka, shan shi kullum ya rage mace-mace da kusan rabi. Yana kare mutum daga ciwon huhu, zawo da palu. Likita ne ke faɗin wanda zai sha da lokacin da zai bari. Wanda ya ga ƙuraje sun feso mashi ko baki ya yi miki bayan ya fara, ya dakata ya koma likita ranar.

Na uku, in an auna an tabbata babu tarin fuka, akwai maganin hana shi tashi da ake sha na ƴan watanni. Nan ma awo ne a gaba.

9. ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari biyar da muke aza ma taro, a duba a yanke.

Ta farko, a ware wani kaso na asusun ƙungiya don kuɗin kabu-kabu ko mota zuwa babbar likita. Magani kyauta ne, hanya ce ke hana mutane. Mutum biyu amintattu su riƙe shi, namiji da mace, kuma kada su tambayi kowa sunan ciwonshi. Takardar majo ta isa.

Ta biyu, a sayi ma'aunin zafin jiki a aje ɗaya a kowace unguwa. Mu malaman lakwal mun ɗauki nauyin koya ma manyan ɗalibai karanta shi da ƙirga numfashi.

Ta uku, ƴan ci-rani masu shan ARV su gaya ma likitansu kafin tafiya, su nemi na watanni da takardar da za su nuna a inda za su. Wanda maganinshi ya yanke a can, in ya dawo kada kunya ta hana shi komawa. Ya faɗi wata nawa ya yi babu, ya nemi awon CD4 da na tarin fuka.

Ta huɗu, mu daina aiko ma gida kafso a cikin kaya da sunan tsaraba. Mai son taimakon tsohuwarshi ya aiko da kuɗin awo.

Ta biyar ta fi duka, kuma a hannun iyayenmu take: rufin asiri. Ba a ɗaukar sida a ƙwaryar fura, ko a musafaha, ko a sahun salla, ko ta cizon sauro. Tarin fuka ta iska yake bi, amma wanda ke shan maganin da ya dace da ƙwayarshi, cikin ƴan makonni haɗarinshi ya ragu ƙwarai. A buɗe mashi taga, a bar shi ya sha hantsi a tsakar gida, kada a kai shi bayan gari. Mutumin da ya san za a yi da shi a bakin rijiya da majalisa ba zai je awo ba, sai ya kwanta ya sha kafso a ɓoye har a ɗauke shi a amalanke. In babba ɗaya ya tsawata, ƙananan bakuna za su yi shiru.

Muna kuma ba da shawara a gayyato majon likitarmu zuwa taro mai zuwa, ya faɗa mana awon da ake yi nan da wanda sai an tafi birni, don kowa ya san inda zai dosa. Waɗanda ke nesa, in takardar nan ta iso, mai karatu ya karanta ma marar karatu.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da matafiya gida lafiya.